Shirwa Da Naman Kaza: Wane Zama Ya Fi Amfanin Ɗan Arewa A Kurmi?

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akan ga baƙi iri biyu sun sauka ƙasar Kurmi. Na farko su ne 'yan ci-rani, waɗanda suka gama girbi a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Haɗeja, suka ɗare bisa buhunan albasa a manyan motoci, suka nufo Ikko da Ibadan da Anacha da Fatakwal. Baƙuwa ta biyu kuwa ita ce shirwa. Masana tsuntsaye sun daɗe da lura cewa shirwar nan mai rawayan baki, wadda ke shawagi bisa kwata da kasuwa, ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Da rani takan gangaro Kudu ta yi sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku, in damina ta kama kuma sai ta bi ruwa ta koma Arewa. Watau dai ita ma 'yar ci-rani ce, ta kuwa riga kowa fara sana'ar.

A daidai lokacin da shirwa ke haramar komawa gida, sai wani abu dabam ya soma leƙowa a gindin itatuwa, da kan suri, da jikin ruɓaɓɓen kututture. Shi ne naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. Yarbawa suna ce masa olu, Ibo kuma ero, suna sa shi cikin miya, har mata kan kasa shi a bakin hanya suna sayarwa. Bahaushe dai galibi ƙyamarsa yake yi, in ya gan shi a gona sai ya sa ƙafa ya shure.

Da za a tara samarin zango a tambaye su wanne suka fi so a kamanta su da shi, ba shakka duk shirwa za su zaɓa, ko shaho, ko gaggafa. Ba kuwa su kaɗai ba. Gaggafa ce a kan tambarin Nijeriya, da sunanta ake kiran 'yan ƙwallon ƙasa, ba a kuwa taɓa jin basaraken da maroƙa suka yi wa kirari da laimar kwaɗi ba. Amma duk wanda ya tsaya ya dubi yadda halittun nan biyu ke neman abinci, ya kuma dubi halin da 'yan Arewa suke ciki a Kudu, zai ga cewa zaman shirwa ya daina biyan bukata. Wanda ke son ya kwana da ido biyu rufe a Kurmi, tilas ya koyi wani abu daga wannan da ake shurewa.

ABIN DA SHIRWA TA IYA

Sai a fara ba shirwa haƙƙinta. Tana da ido, gama tsuntsaye masu farauta sun fi ɗan Adam ganin nesa ƙwarai da gaske. Tana da himma, in aka sa wa daji wuta ita ce ta farkon isowa, tana kutsawa cikin hayaƙi tana cafke fara da ɓeraye masu gudun wuta. Tana kwashe mushe da tarkacen mahauta ta rage wa gari wari. Cikin danginta ma akwai gwanaye, akwai wani irin shaho wanda in ya kifo daga sama zai kai hari gudunsa kan wuce mil 200 cikin awa ɗaya, babu wata halitta da ta kai shi sauri. Bayan wannan duka, shirwa ba ta manta gida.

Haka ɗan ci-rani na ainihi yake. Ya ƙi zaman kashe wando a gindin bishiya, ya zo ya yi ga-ruwa, ko gyaran takalmi, ko dako, ko gadi, ko ya kafa teburin shayi. Ya jimre wa sauro da wulaƙanci, ya tara abin da ya samu, ruwa na sauka ya koma ya sayi taki, ya yi wa ɗaki rufin kwano, ya yi aure. Ƙauyuka da yawa a Arewa da kuɗin Kurmi suke kai wa kaka. Babu abin kunya a nan ko kaɗan.

To, amma akwai abubuwa game da zaman shirwa waɗanda mai sha'awarta bai cika kula da su ba. Shirwa ba ta ajiye komai inda take ci. Ta fizga ta tashi, shi ke nan. Don haka babu mai kaji da ke murnar ganinta, babu kuma wanda ya san wannan shirwa daga waccan. In ɗaya ta ɗauki ɗan tsako da safe, duk wadda ta gifta da yamma ita za a jefa. Baƙon da ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san inda yake kwana, sai dai a ce "Aboki" ko "Malam", shi ma matsayinsa ke nan. Laifin kowa nasa ne, alherinsa kuwa ba wanda zai tuna, tun da ba a san wa ya yi shi ba.

Sa'an nan kuma daji ba ya ɗaukar masu farauta da yawa. Masana sun ƙiyasta cewa daga ciyawa zuwa mai cin ciyawa, daga shi zuwa mai cinsa, abin da ke wucewa a kowane mataki bai fi kamar kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa akan ga jan-baki dubbai sun rufe gonar dawa, amma gaggafa sai ɗaya ko biyu a sararin sama. Sana'ar da ba ta bukatar jari ko koyo ita ma haka take. Unguwar da za ta ciyar da 'yan acaba ashirin, in ɗari biyu suka taru a bakin mahaɗarta, sai faɗa kan fasinja, sai gudun ganganci, sai masu gari su fara ƙorafi.

Akwai kuma zancen guba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman Amurka suka yi ta fesa maganin ƙwari da ake kira DDT. Ƙwari suka ci, ƙananan tsuntsaye suka ci ƙwari, shaho ya ci ƙananan tsuntsaye, sai gubar duk ta taru a jikinsa. Ɓawon ƙwansa ya zama ba ƙwari, uwa na kwantawa a kai sai ya fashe. Kafin tsakiyar shekarun 1960 shahon nan mai gudun mil 200 ya ƙare ƙaf a gabashin ƙasar, sai da aka hana amfani da maganin a 1972 tukuna ya fara farfaɗowa. Saurinsa bai cece shi ba, domin gubar a ƙasa take, shi kuwa bai san abin da ke gudana a ƙasa ba. Ƙiyayya ma haka take taruwa a gari, a hankali, a bakin matan kasuwa da gidajen rediyo da wayoyin samari, cikin harshen da baƙo bai koya ba. Ranar da za ta fashe, a kan wanda ya fi fitowa fili take fashewa.

SHIRWAR DA BA TA DA INDA ZA TA KOMA

Babban abin da ya sauya shi ne komawar kanta. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa. Bayansa kuma 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna da Neja, har ta kai a wasu ƙauyuka manomi ba ya zuwa gonarsa sai ya biya su kuɗi. Saurayin da ya baro irin wannan wuri ba ci-rani ya zo ba, ko da bakinsa na cewa haka. Damina za ta zo ta wuce yana nan. Akwai waɗanda suka shekara biyar, wasu goma, suna kwana a cikin shago, ko barandar masallaci, ko ƙarƙashin gada, kayansu duk cikin jaka ɗaya, kullum zancen shi ne "bana zan koma". Sunansu ba ya cikin littafin kowa, ko na sarkin zango, ko na ƙungiyar kasuwa, balle na hukuma.

Irin wannan zama ranar wahala ake gane tsadarsa. A watan Mayu na 2022 wasu 'yan acaba suka kashe wani mutum a Lekki kan gardamar kuɗin mota. Ranar 1 ga Yuni Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba ta ƙara huɗu, aka kama babura masu yawa aka niƙe. Dokar ba ta tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba, kuma cikin waɗanda ta fi bugu akwai 'yan Arewa da suka ci bashin babur. Ba su da ƙungiya mai ƙarfi da za ta zauna da gwamnati, ba su da ƙuri'ar da ɗan siyasa zai ji tsoron rasawa. Suka watse zuwa Ogun da Oyo, inda can ma mahaɗa ta riga ta cika.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Yanzu sai a duba naman kaza. Mutane na cewa dare ɗaya yake fitowa, kwana biyu ya ruɓe. Wannan ruɗin ido ne. Laimar da ake gani 'ya'ya ce kawai, kamar yadda mangwaro yake ɗan bishiya. Ainihin jikin yana ƙarƙashin ƙasa, wasu fararen zaruruwa ne da suka fi gashi siranta, sun ratsa cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, suna nan shekara da shekaru. Ruwa ya sauka su fitar da laima, laima ta watsa ƙwayoyin iri miliyoyi cikin iska, yawancinsu su mutu, sai wanda ya faɗa inda akwai danshi da abokin zama shi ke rayuwa.

Abokin zaman nan shi ne sirrin. A 1885 wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Albert Frank ya bayyana cewa zaruruwan nan kan naɗe saiwar itace, su biyun kuma ciniki suke yi. Zaren na shiga lungunan da saiwa ba ta iya kaiwa, ya jawo ruwa da gishirin ƙasa ya ba itace. Itace kuma, da yake shi ke da ganye a rana, ya haɗa sukari ya ba zaren. Bincike daga baya ya nuna galibin tsirran duniya da irin wannan ciniki suke rayuwa. A tsibirin Puerto Rico an yi shekaru ana dasa wani itacen katako na ƙasashen waje mai ganye kamar allura, yana tsirowa ya yi rawaya ya mutu. Sai cikin shekarun 1950 aka ɗebo ƙasa daga dajin da itacen ke girma a Amurka aka zuba a gindin dashen, ya kama ya miƙe. Abin da ya rasa tun farko shi ne abokin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A nan gida ma misalin yana kan kowane suri. Naman kazan da mutanen Kurmi suka fi daraja, wanda ke fitowa a kan suri da farkon damina, gara ce ke noma shi. Gara na tattauna itace da ciyawa ta shigo da su cikin suri ta yi masa gado, shi kuma ya narkar da abin da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, ta samu abinci. Ta ba shi ɗaki da danshi, ya ba ta tuwo. A ƙasar Zambiya akwai wani iri daga cikinsu wanda faɗin laimarsa kan kusa kai yadi ɗaya, guda ɗaya ya ishi gida miya.

Wannan zama ba baƙo ba ne ga Bahaushe, shi ne zaman kakannin da suka kafa zanguna a Kudu. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kanta a 1969. Ya bayyana yadda falke kan zo da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya sa dillalinsa ya sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, mahaucin kuwa ba zai sake samun sa a hannun kowane maigida ba. Maigida na iya ɗaukar wannan nauyi ne domin ya san kowane mahauci, ya san gidansa, ya san ƙarfin jarinsa, yana jin harshensa. Ta wannan hanya nama ya gangaro Kudu, goron Shagamu da Agege ya hau Arewa, duk ɓangarorin biyu suka ci. Falke shi ne abin da ake gani a kasuwa, amma zaren da ya riƙe cinikin maigida ne wanda ya zauna ya kafu.

Mai ganin wannan sai a ƙasar Yarbawa yake yiwuwa, ya tuna da Malam Umaru Altine. Bafulatani ne daga lardin Sakkwato, fataucin shanu ya kai shi Inugu, ya zauna, ya auri 'yar Ibo, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Cikin shekarun 1950 shi ne ya zama Magajin Garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen gari. Ba a zaɓar mutumin da jakarsa ke rataye a ƙusa yana jiran mota.

BA KOWACE LAIMA AKE CI BA

Kada dai a ɗauka duk wanda ya kafu alheri ne. Cikin naman kaza akwai mai dafi, yana kuwa tsirowa gefe da gefe da mai kyau, har wanda bai ƙware ba ba zai rarrabe su ba. Akwai wani iri a Turai da ke lalata hanta, dahuwa ba ta kashe dafinsa, wanda ya ci kuma ba ya jin komai sai bayan awowi, lokacin da aikin gama ya gama. A Kurmi ma akwai masu dafi, saboda haka ɗan ƙwadagon da ke aiki a gonar koko ko ta roba ya kiyayi tsinkar abin da bai sani ba. Gidan da aka taɓa cin mai dafi kuwa, kwandon duka ake zubarwa.

Ma'anar wannan a fili take. Ɓarawo ɗaya, ko mai kai wa masu satar mutane abinci a daji, ko mai sayar da ƙwaya, in ya fake a zango aka rufa masa asiri don wai ɗan'uwa ne, to, an sa kwandon duka cikin haɗari. Wake ɗaya ke ɓata gari. Mutanen gari ba su iya rarrabewa, 'yan zango ne suka iya, don haka a kansu aikin yake.

Akwai kuma mai cin abokin zamansa. A Jihar Oregon ta Amurka akwai wani naman kaza guda ɗaya wanda zarensa ya mamaye fiye da eka 2,000, ana lissafa shi cikin halittu mafiya girma a duniya, amma da kashe itatuwan dajin ya kai haka. Manoman kwakwar manja sun san ɗan'uwansa, mai fitowa kamar faranti a gindin bishiya, yana cinta ta ciki har ta faɗi. Attajirin zango da ya kafu ya yi ƙarfi, sa'an nan ya riƙa ɓoye kaya don farashi ya hau, ko ya ɗebo yara daga ƙauye ya ba su babur bisa sharaɗin da ba za su taɓa gama biya ba, ko manyan da suka raba jama'a gida biyu kan rigimar sarautar zango har aka kai kotu, duk wannan iri ne. Saiwarsu ta yi zurfi, amma bishiyar da suke zaune a kai suke ci.

MAI SAIWA BA YA GUDU

Akwai hujja mai ƙarfi da masu son zaman shirwa ke kawowa, ba kuwa za a raina ta ba. Suna cewa ranar da wuta ta tashi, mai fiffike ke tsira. Wanda ya gina gida ya cika shago, shi ke asara. Tarihi ya ba su abin faɗa. A Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu lokacin bikin Oro, aka yi asarar rayuka da dukiya, bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwa a Kano kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba, a Maris na 2016 aka yi na Mile 12. A Fabrairun 2021 kuma gardama kan tumatir da ya zube a ƙofar wani shago ta jawo mutuwar wani mai gyaran takalmi, aka ƙone kasuwar Shasha ta Ibadan, mutanen da aka haifa a wurin suka wayi gari ba su da komai.

Duk wannan gaskiya ne. Amma sai a duba abin da ya biyo baya. Wuta kan cinye laima, ba ta cika kaiwa ga zaren da ke ƙarƙashin ƙasa ba. A Shasha akwai fadar Sarkin Sasa da jama'a suka fake a ciki, akwai shugabannin da aka sani waɗanda Gwamna Seyi Makinde da ayarin gwamnonin Arewa suka zauna da su, kafin watan ya ƙare aka sake buɗe kasuwa. Mile 12 ta buɗe, Sabon Shagamu na nan. Inda akwai shugabanci da sanayya, akwai wanda za a kira a kashe wuta, akwai kuma wanda zai nemi diyya.

A kwatanta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan Arewa suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Salla, 'yan sintiri suka tsayar da motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe mutum 16. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu wani uzuri. Amma abin lura shi ne, a wannan sa'a babu mutum ɗaya a garin da ya san su wanda zai tsaya ya ce na san wane, ɗan wane ne. Fiffike bai cece su ba. Mai wucewa ya fi mazauni shiga haɗari, domin shi ba shi da mai shaida.

Su ma masu masauki akwai darasi gare su. A ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a Ikko, a Arewa kuma tumatir ya riƙa ruɓewa a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa. Itace na bukatar zaren kamar yadda zaren ke bukatar itace. Ibo da kansu suna da karin magana cewa shirwa ta sauka, gaggafa ma ta sauka, wadda ta hana 'yar'uwarta sauka fiffikenta ya karye. Tsarin Mulkin 1999 ma abin da ya ce ke nan: sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama duk inda ya so, na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini, na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Gwamnan da ya bar 'yan sintiri suna yanke hukunci a bakin hanya ya saɓa wa rantsuwarsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wanda har yanzu yake da gona da kwanciyar hankali a gida, ya ci gaba da ci-raninsa, amma ya sauka hannun maigida sananne kamar yadda fatake suka saba, kada ya sauka a tasha. Wanda kuwa ya ga damina biyu ta wuce bai koma ba, ya daina ruɗin kansa, ya zama mazauni, sai ya yi zaman mazauna. Ya kai sunansa wurin sarkin zango da ƙungiyar sana'arsa. Ya yanki katin shaidar ɗan ƙasa, in a Legas yake ya yi rajistar mazauna jiha. Ya je ofishin hukumar zaɓe ya mayar da katin ƙuri'arsa inda yake zaune, gama ƙuri'ar da ke ajiye a ƙauye ba ta hana rushe rumfa a Agege. Ya biya haraji ya adana rasit. Ya koyi Yarbanci ko harshen Ibo ko na duk inda ya samu kansa, ko da na gaisuwa da ciniki ne, ya san ranakun bukukuwan gari da dokokinsu. Ya je gaisuwar mutuwar maƙwabci da sunan ɗansa. Ya sa 'ya'yansa makaranta, domin zangon da bai haifi lauya da malamin asibiti da ɗan jarida ba, kullum sai ya yi hayar bakin wani. Ya kuma koyi sana'ar hannu, walda ko kanikanci ko gini, wadda doka ɗaya ba za ta share ta dare ɗaya ba.

Sarakunan zango da shugabannin kasuwa su ne nauyi ya fi hawa kansu. Lalle kowane zango ya kasance da littafin da ake rubuta sabon zuwa, da garinsu, da wanda ya tsaya masa. Lalle a riƙa zama da basaraken gari da shugaban 'yan sanda na yanki tun ana zaman lafiya, gama ba a fara haƙa rijiya ranar gobara. Mai laifi a miƙa shi ga hukuma tun kafin mutanen gari su zo nemansa. Attajirai kuma su tuna da masu gidan Sabo na da, waɗanda girmansu ke cikin yawan baƙin da suka tsaya wa.

Gwamnonin Arewa su ma ba su fita ba. Zuwa ta'aziyya bayan an yi ɓarna ba ya wadatarwa. Muddin manomi a Zamfara ko Katsina ba ya iya kwana a gonarsa, motoci ba za su daina sauke samari a Kurmi ba, kuma ba wani littafin zango da zai iya ɗaukarsu duka.

Hunturu na tafe, shirwa za ta sauko kamar yadda ta saba, ta kuma san ranar komawarta. Saurayin da zai sauka daga motar albasa a Mile 12 bai san tasa ba. Wajibi ne waɗanda suka riga shi zuwa su tarbe shi, su rubuta sunansa, su nuna masa ƙofar maƙwabcin da zai gaisar gobe da safe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.